Mama ta ƙi zuwa tantance fansho saboda lambar 666

Rifkatu: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ina da damuwa, kuma ba na so in yi wa mahaifiyata gardama a kan abin da ni ma ban sani ba. Mama ta yi shekara 35 tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya. Yanzu an ce kowane ɗan fansho sai ya je tantancewa, a ɗauki hoton yatsunsa, a haɗa da lambar NIN da asusun banki. Ta ce ko kusa ba za ta je ba. Wani mai wa'azi da ya zo taron farkawa a unguwarsu ya karanta musu Ru'ya ta Yohanna 13:16-17, ya ce wannan ita ce alamar dabbar, tunda da hannu ake yi kuma in babu ita ba saye ba sayarwa. Wata uku ke nan ko kwabo bai shigo mata ba, ga maganin hawan jini. Ta ce gara yunwa da wuta. Don Allah masu sani ku taimake ni.

Malam Ishaya: 'Yar'uwa, sannu da jimiri. Ki fara da gode wa Allah da ya ba ki uwa mai tsoronsa haka. Ni ba zan ce NIN ita ce alamar ba, domin magabcin Kristi bai bayyana ba tukuna, kuma ikkilisiya tana nan ba a fyauce ta zuwa sama ba. Amma hanya ce ake sharewa. Kowa ya ga farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Mutum da kuɗinsa a banki ya kwana da yunwa, masu tumatir suna kallon kayansu yana ruɓewa. A 'yan makonni kaɗan muka ga yadda za a iya rufe saye da sayarwa a ƙasa guda. Ruwa ba ya tsami banza.

Dauda (ɗalibi, Bukuru): Malam Ishaya, da girmamawa, ni a ganina dabbar nan ta mutu tun shekara ta 68. Sunanta Niro, Kaisar na Roma. Aya ta 18 ta ce mai hankali ya lissafta lambar, domin lambar mutum ce. A Ibrananci kowane harafi yana da adadi, daidai da yadda masu hisabi suke yi da abajada a ƙasar nan. In ka rubuta Neron Kaisar da haruffan Ibrananci: nun 50, resh 200, waw 6, nun 50, sai ƙof 100, samek 60, resh 200. Haɗa ka gani, 666 cif. Abin da ya fi ƙarfafa wannan shi ne akwai tsofaffin kofe na littafin da suke ɗauke da 616, har da wani guntun takarda da aka tono a Masar. In ka rubuta sunan yadda Romawa ke faɗinsa, Nero, nun ɗin ƙarshe ta faɗi, an cire 50 ke nan, saura 616. Wane suna ne kuma zai ba ka lambobin biyu a lokaci guda?

Malam Ishaya: To in Niro ne, mu rufe littafin mu ajiye a ɗakin kayan tarihi mana. Yesu ya dawo a shekara ta 68? An ta da matattu? An share hawaye?

Dauda (ɗalibi, Bukuru): Ban ce duka littafin ya cika ba, Malam. Sura 13 nake magana.

Mai kula da zaure: A yi a hankali. Baba Rabaran yana nan, na ga yana rubutu. Mu saurara masa.

Baba Rabaran: Salama 'ya'yana. Yatsuna ba su da saurin naku, ku yi haƙuri da ni.

Rifkatu, kafin mu zo kan lamba, mu tambayi littafin ko shi wane ne. Ya faɗi da bakinsa. Wahayi ne, annabci ne, kuma wasiƙa ce. Yohanna yana tsibirin Batmusa saboda maganar Allah, ya aika wa ikkilisiyoyi bakwai na ƙasar Asiya, wato yammacin Turkiyya ta yau: Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadalfiya da Lawudikiya. Garuruwa ne na gaske, masu kasuwa da haraji. Samirna ita ce Izmir ta yanzu. Aya ta 3 ta sura ta fari ta sa albarka ga mai karantawa da masu ji, wato mutum ɗaya ya miƙe a cikin taro ya karanta, sauran suna sauraro, kamar yadda muke yi a ƙauye inda Littafi ɗaya ne a majami'a. Da na fara aikin fasto ban lura da wannan ba. Na ɗauka an rubuta shi ne domin mu kaɗai, su waɗancan kuwa an ba su ajiya ne kawai. Amma duba 22:10, an ce wa Yohanna kada ya rufe maganar da hatimi domin lokaci ya yi kusa. Daniyel kuwa, a 12:4, an ce masa ya rufe har ƙarshen zamani. Bambancin nan ba ƙarami ba ne. Fassarar da tsohuwa a Samirna ba za ta iya cin moriyarta ko kaɗan ba, ina shakkarta.

Me ke damun mutanen? Sujada ga Kaisar. A Birgamas akwai haikalin da aka gina wa Augustas tun kafin haihuwar Almasihu, kuma a can aka kashe Antifas, shi kaɗai ne shahidin da littafin ya kira da suna, 2:13. Wajen shekara ta 112 wani gwamna mai suna Filini ya rubuta wa Kaisar Tarajan yadda yake gwada wanda aka zarga da bin Kristi: a kawo gunkin Kaisar, mutum ya miƙa turare da ruwan inabi, ya zagi Kristi, sai a sake shi. A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya sa kowa ya yi hadaya a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida. An samu irin takardun nan da dama a Masar. To ki lura, 'yata, ba a ba mutum takardar sai ya yi hadayar. Takardar shaidar sujada ce.

Yanzu ki buɗe littafin da kanki ki bi alamar: 14:9, 14:11, 16:2, 19:20, 20:4. Ko'ina tana tafe da yi wa dabbar ko siffarta sujada, kamar ɗanjuma da ɗanjummai. Ba abin da ake liƙa wa mutum a ɓoye ba ne, ko yana barci, ko yana layi a ofis. Sannan aya ɗaya bayan 666, wato 14:1, ga Ɗan Ragon a kan Dutsen Sihiyona da mutanensa, sunansa da na Ubansa a rubuce a goshinsu. Ba wanda ya taɓa duba goshin mai bi yana neman tawada. In hatimin Allah ba tawada ba ne, me ya sa muke neman alamar dabbar a cikin na'ura? Goshi da hannu kuwa daga Maimaitawar Shari'a 6:8 suka fito, abin da ka sa a ranka da abin da kake aikatawa.

Tambayar da za ki yi wa Mama ita ce: a wurin tantancewar nan, wa aka ce ta yi wa sujada, wa aka ce ta musanta? Ki kuma tuna mata Luka sura 2. Kaisar ne ya ba da umurnin ƙidaya, Yusufu da Maryamu suka je aka rubuta sunansu, ta haka aka haifi Ubangiji a Baitalami.

Rifkatu: Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Wannan na Luka bai taɓa zo mini a rai ba.

Malam Ishaya: Baba, na yarda da maganar sujada, ban musa ba. Amma Dauda ya tsallake wani abu. Ireniyus, malamin ikkilisiya na ƙarni na biyu, wanda ya zauna a gaban Bishop Folikaf na Samirna yana yaro, ya san da 616 ɗin nan ya ce kuskuren masu kwafa ne. Ya gwada sunaye uku da suke ba da 666, babu Niro a ciki. Kuma shi ne ya ce an ga wahayin a ƙarshen mulkin Kaisar Domishiyan, wanda ya mutu a 96, kusan shekara talatin bayan Niro. Ta yaya annabci zai faɗi abin da ya riga ya wuce? Shi Ireniyus yana jiran magabcin ne a gaba, kamar yadda nake jira.

Dauda (ɗalibi, Bukuru): Gaskiya ne Ireniyus bai kira Niro ba, na karɓa. Amma bayan mutuwar Niro jita-jita ta cika daular cewa bai mutu ba, zai dawo daga gabas, har wasu suka fito suna cewa su ne shi. Sai ka duba 13:3, ɗaya daga kawunan dabbar ya yi raunin ajali ya warke. Mai sauraro a zamanin Domishiyan zai gane ana ce masa ruhun Niro ya dawo kan gadon mulki. Kuma Malam, kalmar nan magabcin Kristi da kake ta faɗa ba ta cikin Ru'ya ko sau ɗaya. A wasiƙun Yohanna take, kuma 1 Yohanna 2:18 cewa ya yi sun riga sun zo da yawa.

Malam Ishaya: Karanta ayar duka, ɗana. Ta ce kun ji yana zuwa, ga shi kuwa da yawa sun zo. Da yawan ba su soke ɗayan ba.

Baba Rabaran: Nan Ishaya ya faɗi daidai, kuma ina ganin nan ne ku biyun za ku iya haɗuwa. Dabbar sura 13 tana da jikin damisa, ƙafafun beyar, bakin zaki. Daniyel sura 7 ya ga dabbobi huɗu daban-daban, mulkoki huɗu. Yohanna ya narke su ya zuba a tukunya ɗaya. Ai kamar yana cewa duk mulkin da ya nemi abin da na Allah ne kaɗai, wannan dabbar ce. Sarki Antiyokus da ya ƙazantar da Haikalin Urushalima a 167 kafin Almasihu ya sa rigar, Niro ya sa ta, wasu sun sa bayansu, kuma ban hana na ƙarshe ya zo ya fi su duka ba. Abin da Ishaya bai faɗa ba shi ne shawarar Ireniyus ɗin: ya ce ya fi aminci a jira cikar annabcin da a yi ta cankar suna, domin sunaye da yawa suna iya ba da lambar.

Mama Saratu: Ni ban yi makarantar tauhidi ba, zumuntar mata na sani. Amma bari in faɗi nawa. Mu 'yan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, daga wajen Mubi. Ƙarshen watan Oktoba na 2014 da garin ya faɗi, har hedikwatarmu ta Kwarhi aka ci, da ƙafa muka hau duwatsu muka shiga Kamaru, ni da jikoki uku. Ƙanin maigidana bai fita ba. An tare su a hanya, aka tambaye shi tambaya ɗaya, ya ba da amsa ɗaya. Rifkatu, ki gaya wa Mamanki, in ranar ta zo ba a ɓoye take zuwa ba. Ana kallon idonka ne a tambaye ka. Kuma kada wani ya juya maganata, maƙwabcinmu Musulmi ne ya nuna mana hanyar dutsen, shi ma ɗansa suka kashe.

A sansani wani dattijo yana karanta mana Ru'ya da yamma. Ba wanda ya tambayi lamba. Inda muke sa shi ya maimaita shi ne 6:9-11, rayukan da ke ƙarƙashin bagadi suna kuka, har yaushe ya Ubangiji. Da na ji ashe a sama ma ana wannan tambayar, kuma ba a tsawata musu ba, an ba su fararen riguna ne aka ce su ɗan ƙara jira, sai na iya yin addu'a. Kafin nan sati biyu bakina ya ƙi buɗuwa.

Rifkatu: Mama Saratu, Allah ya ta'azantar da ke. Hawaye nake yi.

Yohanna Maraɗi: Mama, muna tare da ku. Mu ma nan Nijar a watan Janairu na 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Lahadin da ta biyo, wasiƙar Samirna aka karanta a wurinmu, 2:9-10, na san ƙuncinka da talaucinka amma kai mai arziki ne. Tambayata ga Baba: in littafin na waɗanda ake tsananta wa ne, me ya sa yake cike da jini da fushi? Wani saurayi a ikkilisiyarmu ya taɓa kawo sura 19 yana cewa lokacin ramuwa ya yi.

Baba Rabaran: Yohanna, ka taɓo inda zuciyata take. Mabuɗin littafin nan a wurina ba sura 13 ba ce, sura 5 ce. Yohanna yana kuka don ba wanda ya isa ya buɗe naɗaɗɗen littafin. Wani dattijo ya ce masa ya daina kuka, Zaki na kabilar Yahuza ya yi nasara. Da kunne ya ji Zaki. Da ya juya ya duba, me ya gani? Ɗan Rago a tsaye kamar an yanka shi. Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji. Daga nan har ƙarshen littafin ba a sake kiransa Zaki ba, Ɗan Rago ake ta cewa, kusan sau talatin. Haka kuma a sura 7, ya ji adadin waɗanda aka buga wa hatimi, 144,000, an jera su kabila-kabila kamar ƙidayar mayaƙa. Da ya duba sai ya ga taro wanda ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da kabila da harshe, ba takobi a hannunsu sai ganyen dabino. Har da masu jin Hausa da Margi da Zabarmanci a cikin taron nan.

Sura 19 da saurayin ya kawo, ka ce masa ya duba da kyau. Takobin daga bakin Mahayin yake fitowa, ba a hannunsa yake ba, kuma rigarsa ta jiƙe da jini tun kafin a gwabza. Rundunar da ke biye da shi farin lilin suka sa, ba a ce ko ɗayansu ya ɗaga hannu ba. Yadda tsarkaka suke cin nasara yana 12:11: jinin Ɗan Ragon, da maganar shaidarsu, da rashin ƙaunar ransu har mutuwa. 13:10 kuma ya gargaɗi mai ɗaukar takobi. Hukunci yana cikin littafin, mai tsanani kuwa, ba zan rage masa zafi ba. Amma an ɗauke shi daga hannunmu an ajiye a hannun Allah. Wannan ne ya sa wanda aka zalunta zai iya kwana ba tare da ya wasa wuƙa ba.

Katikis Bulus: Tunda Baba ya buɗe ƙofa, ni ma ina da ƙorafi. Mu Katolika mun gaji da jin cewa karuwar nan Babila ta sura 17 ita ce Ikkilisiyarmu, Fafaroma kuma shi ne dabbar. A wurin jana'iza ma an taɓa faɗa a gabana. Daga ina wannan ya samo asali?

Dauda (ɗalibi, Bukuru): Katikis, a aji an nuna mana hanyoyi huɗu da aka bi wajen fassara littafin. Akwai masu cewa yawancinsa ya cika a zamanin Roma. Akwai masu shimfiɗa shi a kan tarihin ikkilisiya daki-daki, wannan ƙaho wancan yaƙi ne, wannan tasa wancan sarki ne. Akwai masu cewa daga sura 4 duk yana gaba. Sai masu ɗaukarsa hoton kokawar da ke tsakanin mulkin Allah da na Shaiɗan a kowane zamani. Abin da ke damunka daga ta biyun ya fito. Martin Luta da waɗanda suka biyo shi, cikin zafin rikicinsu da Roma, suka ce kujerar Fafaroma ce magabcin. Abin mamaki, malaman Katolika biyu 'yan Sifen ne suka mayar da martani, Ribera ya tura cikar annabcin can ƙarshen zamani, Alkazar ya mayar da ita baya zamanin farko. Wato ra'ayin Malam Ishaya da nawa duka sun bi ta hannun mutanenku.

Malam Ishaya: Nawa ya girmi Ribera. Jastin da Ireniyus sun gaskata da mulkin shekara dubu na sura 20 tun ƙarni na biyu.

Baba Rabaran: Haka ne Ishaya. Katikis, ka yi haƙuri da abin da aka yi maka a jana'iza, bai dace ba. 17:9 ta ce tuddai bakwai, 17:18 ta ce babban birnin da ke mulkin sarakunan duniya. Masu sauraron farko Roma ta Kaisar suka ji, lokacin kuwa ikkilisiyar Roma ita ce ake ƙonawa. Ni abin da ke tsorata ni a Babila yana sura 18. Karanta jerin kayan fataken a aya 12 da 13: zinariya, azurfa, siliki, hauren giwa, kirfa, alkama, shanu, dawakai, sai a can ƙarshen jeri, bayan dabbobi, bayi da rayukan mutane. Birnin da ya sa ɗan adam a ƙasan lissafin kaya, shi ne Babila. Muna ta leƙen ta a ƙetaren teku, alhali wanda ya riƙe haƙƙin tsohuwar da ta yi shekara 35 da alli a hannu ya fi kusa da sura 18 fiye da na'urar ɗaukar yatsa da sura 13.

Hanya ta biyun nan kuwa ita ta fi jefa mutane a rami, domin kowane tsara yana ganin shi ne a shafin ƙarshe. Wiliyam Mila na Amurka, ba Likita Mila na Zariya da ya fassara mana Littafi na 1932 ba, wani ne daban, ya lissafta kwanaki 2,300 na Daniyel 8:14 a matsayin shekaru. Mabiyansa suka tsaya a kan 22 ga Oktoba 1844, wasu suka bar amfanin gona bai girbu ba. Gari ya waye. Ni da kaina a 1981, da ƙasar Girka ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai suka cika goma, na tsaya a bagadi na ce ga ƙahoni goma na dabbar. A 1986 suka zama sha biyu, yau 27 ne. Wasu da suka ji wa'azin nan sun rasu ban samu na gyara a gabansu ba, kuma abin yana damuna har yau. A 2011 ma wani mai gidan rediyo a Amurka ya sa 21 ga Mayu. Ubangiji kuwa ya riga ya ce a Markus 13:32 ba wanda ya san ranar.

Malam Ishaya: Baba, ban taɓa sa rana ba kuma ba zan sa ba. Tsorona ɗaya ne. In muka ce komai hoto ne, komai misali ne, wata rana 'ya'yanmu za su ce dawowar ma misali ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara a same mu a faɗake fiye da kima da a same mu muna barci. Kuma sura 20 ta faɗi shekara dubu har sau shida, ba sau ɗaya ba.

Dauda (ɗalibi, Bukuru): Sau shida a cikin ayoyi shida, kuma babu maganar mulkin shekara dubu a wani wuri a Sabon Alkawari. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya ɗauke ta a matsayin zamanin ikkilisiya tsakanin zuwan farko da na biyu, ya kuma amfana da wani ɗan Afirka kamarsa, Tikoniyus. Wannan ra'ayin ne ya yi rinjaye wajen shekara dubu a yamma. Koyarwar fyaucewa kafin babban tsanani kuwa, Jon Darbi ne ya tsara ta a shekarun 1830, Littafi mai sharhin Sikofil na 1909 ya yaɗa ta. Kalmar taryen Ubangiji a sararin sama, 1 Tasalonikawa 4:17, ita ce aka yi amfani da ita a Ayyukan Manzanni 28:15 da 'yan'uwa suka fito daga Roma suka tarbi Bulus. Da suka tarbe shi ina suka nufa? Cikin gari suka rako shi. Kamar yadda ake fita bayan gari a tarbi sarki in ya dawo daga tafiya.

Mama Saratu: Malam Ishaya, ba gardama nake ba, tambaya ce. An koya mana za a ɗauke mu kafin tsanani. To abin da ya same mu, me ne sunansa?

Malam Ishaya: Mama, ba ni da bakin da zan ce miki ƙarami ne. Abin da aka koya mini shi ne akwai tsananin da duniya ke yi wa ikkilisiya, wannan Yesu ya ce za mu sha, Yohanna 16:33, akwai kuma fushin Allah a kan duniya, wanda 1 Tasalonikawa 5:9 ta ce ba a ƙaddara mu gare shi ba. A kan wannan nake tsaye. Amma na yarda mun yi wa'azin fyaucewa ta yadda mutane suka ji kamar ba za su taɓa shan wuya ba, ba mu shirya su ba. Wannan laifinmu ne mu masu wa'azi.

Baba Rabaran: Allah ya yi maka albarka Ishaya. Tsoron da ka faɗa ma gaskiya ne, Dauda ka riƙe shi. Na ga masu ilimi da suka bayyana kowace alama har ba abin da ya rage da za su jira. Ni a shekara dubu ra'ayina ya fi karkata wajen Agustin, amma na binne abokan aiki da suka mutu a kan ra'ayin Ishaya, kuma sun fi ni tsarki. Abin da Kiristan duniya suka haɗu a kai yana cikin Shaidar Bangaskiya da muke faɗa a sujada, zai sake dawowa ya yi wa masu rai da matattu shari'a. Ikkilisiyar Kibɗawa ta Masar tana da wata al'ada da nake sha'awa: daren Juma'ar gicciye, wayewar Asabar, suna kwana a majami'a su karanta littafin nan daga farko har ƙarshe da waƙa. Mu kuwa aya biyu muke yanka mu tsorata tsofaffi da su. Duka-duka sura 22 ne, bai kai awa biyu ba a karanta da murya. Rifkatu, kada ki je wa Mama da hujja. Ki je ki karanta mata, tun daga sura 12 har 15, ki bar ta ta ji da kunnenta.

Katikis Bulus: Baba na gode da amsar. A kalandarmu 7:9-14 ake karantawa ranar 1 ga Nuwamba, idin dukan tsarkaka.

Yohanna Maraɗi: Zan kai wa saurayin nan maganar takobin baki. Shi mahaifinsa ne ya rasa shago a wutar.

Rifkatu: Iyaye, na dawo da labari. Jiya bayan sujada na je gida, na yi yadda Baba ya ce. Da tsohon Littafinta na karanta, wanda yake cewa bisa maimakon dabba, don shi kunnenta ya saba da shi. Da na kai 14:1 ta ce in tsaya in sake. Na sake har sau uku. Ta yi shiru, sannan ta ce, ashe akwai wani rubutun a goshi, mai wa'azin bai kai nan ba. Na karanta mata saƙon Mama Saratu, ta daɗe tana kuka, ta ce in tambaya sunan ƙanin maigidan nata don ta riƙa sa iyalinsa a addu'a. Mama Saratu, in ba damuwa ki turo mini ta akwatina.

Ba ta ce ta gamsu duka ba. Ta ce in an kai ga na'urar za ta tambayi ma'aikacin da bakinta ko akwai abin da ake so ta musanta, in ya ce babu za ta sa yatsa. Dattijon ikkilisiyarsu ya ce zai raka mu. Ranar Laraba za mu je da sassafe kafin layi ya yi tsawo.

Malam Ishaya: Allah ya kai mu Larabar. Ku tafi da maganinta da ruwa, wuraren nan ana daɗewa. Dauda, ban gama da kai a kan sura 20 ba, aya ta 3 ta ce an ɗaure Shaiɗan don kada ya ƙara ruɗin al'ummai. Ka zo mini da bayanin yadda yake a ɗaure yanzu.

Dauda (ɗalibi, Bukuru): Ina da jarrabawa gobe, Malam. Alhamis da yamma zan kawo, tare da Markus 3:27.